Shirun da Zaidu Ya Yanke

Yelwa,
6 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga taubashina Malam Dauda Magaji,
Magatakardan Ƙungiyar 'Yan Gungun Ɗorawa, Shanga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zulai'atu da yara. Yaya makaranta, yaya fama da alli? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kafin in shiga abin da ya sa na ɗauki biro, bari in tuna maka ko wane ne ke rubuto maka, don na ga kamar kun manta. Ni ne na bar makaranta a aji uku na sakandare, na sauka kwatar jirage ta Wara da sifana guda ɗaya. Babu wanda ya koya mani gyaran injin jirgi. Mataccen inji na tsinta a bayan rumfar masu kifi, na kwance shi na ɗaure sau goma sha ɗaya, a na sha biyu ya tashi. Ni na kafa rumfata da hannuna. Yau jirage biyu nawa ke ɗaukar mutane ranar kasuwa. Na gina gida mai ɗaki huɗu, na haƙa rijiya unguwa tana sha, na kai Inna Makka, ɗiyata Salma tana makarantar jinya. Duk wannan ba da takardar kowa ba, ba da “je ka ce ni na aiko ka” ba. Allah ne, sai hannuwan nan biyu.

Shi ya sa abin ya yi mani zafi ranar taron ƙungiya, da aka zo maganar Waƙar Hanya. Kowa ya yarda cewa Kawu Magaji, mahaifinka kuma yayan Inna, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka tuƙa jirgi da ita tun kafin ruwan Kainji ya shanye garinmu. Kowa ya ji yadda numfashinsa ya fara gajarta. Aka ce a naɗi muryarsa a sa wa mutane ranar babban taro na Disamba. Sai shugaba Alhaji Surajo ya ce a ɗauko ƙwararre daga Kaduna. Na miƙe na ce a'a, waƙar kakanninmu ba baƙo zai riƙe mata makirfo ba, ni zan yi. Ka tuna dariyar? Kai ma ka yi, na gan ka kana ɓoye baki a bayan littafin taro. Surajo ya ce wai ko na ɗauka kwamfuta kafiretar inji ce. Na ce a sa maganata a littafi, kuma an sa.

To, yau mako uku ke nan ina Yelwa. Na rufe rumfa, jiragen na bar su hannun matuƙansu, na kama ɗaki kusa da kasuwa. Ina koyon aiki a situdiyon wani mai suna Bilyaminu, inda ake naɗar waƙoƙin biki da tallan masu magani. Na girme shi da shekara goma sha shida. Ranar farko da na ɗauki tsintsiya ya rantse ba zan share masa ɗaki ba, wai Baba Zaidu ka rufa mani asiri. Na ce masa a waje ni babanka ne, a ɗakin nan kai ne Malam, kuma mai koyo shi ke shara. Tun ranar Malam nake ce masa, yana amsawa yana sunkuyar da kai.

Ba zan ɓoye maka ba, kwana ukun farko na sha wuya. Linzamin kwamfutar nan ba a yi shi don hannun da ya saba da sifana ba. In an ce in danna sau biyu sai in danna kamar mai kashe kunama, abu ya gudu ya ɓuya. Amma da Malam ya buɗe manhajar naɗar sauti ya sa na yi magana, na ga muryata ta fito a allo kamar ƙayar kifi, inda na ɗaga murya ta yi faɗi, inda na yi shiru ta zama zare, sai na ce ashe abu ne mai jiki. Abin da ke da jiki kuwa na san yadda ake kwance shi a ɗaure.

Ga abin da na riƙe zuwa yanzu. Kowace murya da layinta, tirak suke ce masa, kamar yadda kowane fasinja ke da bencinsa. Akwai ma'auni a gefe mai hawa da sauka, kore, rawaya, ja. In ya taɓa ja murya ta fashe, kuma ba ta ɗinkuwa. Abin da ke ƙara ƙarfin makirfo totur ne kawai, ba a murɗe shi har ƙarshe. Sai wani abu wai shi andu, in ka yi ɓarna ka danna, aiki ya koma yadda yake. Na daɗe ina kallon wannan. Shekara talatin ina karya noti, ban taɓa samun mai mayar mani da shi ba.

Shekaranjiya kuma na nuna masa nawa. Ana ɗaukar wani mai tallan maganin basir, na ce Malam akwai ƙugi a ƙarƙashin muryar nan. Ya saurara ya ce babu. Na ce akwai, kuma ba janareta ba ne, wanga ya fi siriri. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har na zare cajarsa daga soket, ƙugin ya ɗauke. Ya cire hedifon ya dube ni, ya ce shekara biyu yana neman abin nan. Kunnen da ke gane fulogi mai ciwo daga tsakiyar ruwa, caja za ta ɓoye masa?

Na rubuto a takarda ne ba a waya ba, don kai magatakarda ne, takarda kake adanawa. Ka gaya wa Alhaji Surajo ya bar mutumin Kaduna ya huta. Ka gaida Zulai'atu, ka ce mata har yau ina mamakin abin da ta gani a jikinka.

Taubashinka kuma ubangidanka,
Zaidu Mai Inji.

Yelwa,
27 ga Oktoba.

Malam Dauda,

Sallama da gaisuwar zumunci. Ina fata kuna lafiya kai da iyali duka, ina fata kuma an fara girbi lafiya a wajenku. Takardarka ta iso ta hannun direban Shanga, na ga inda ka gyara mani kalma biyu da jan biro. Allah ya shirye ka.

Albishirinka. An gama.

Ranar Litinin na je Wara da mota na ɗauko Kawu. Duk hanya yana faɗa, wai an raba shi da ruwa an sa shi a gwangwani. Da muka isa ɗakin ɗauka, ya ga bango an lulluɓe da soso kuma babu taga, ya tsaya bakin ƙofa ya ce shi bai mutu ba tukuna. Da ƙyar ya shiga. Malam ya sa masa hedifon, ya kunna masa ɗan ƙaran nan mai ƙas-ƙas da mawaƙa ke bi don kada su kauce. Kawu ya fizge ya ce a cire masa gyare daga kunne. Aka cire. Sai ya ce kujera ba ta yi ba, a kawo benci. Na aro na mai shayi. Ya hau shi kamar mai zama a jirgi, ya riƙe sandarsa da hannu biyu, ya rufe ido.

Ni na saita makirfo, ni na murɗa totur, ni na danna jan maɓalli. Malam yana tsaye a bayana bai taɓa komai ba. Dauda, tsohonka ya yi waƙa. Muryar ta tsufa amma ba ta karkace ba. Ya kira Tsohuwar Kwata, ya kira Dutsen Kada, Kukar Barira, Mashigin Shanu, wurare sun fi goma, har ya sauka Gungun Ɗorawa. Ma'auni bai taɓa ja ba ko sau ɗaya. Da ya gama sai da ya jingina da bango kusan rabin awa kafin numfashi ya dawo. Ya ce mani, ɗan Binta, ka riƙe da kyau, ba ni da ta biyu.

Matsala ɗaya ce, tsufa. In ya kira wuri ya yi baiti biyu, sai ya yi shiru, wani lokaci minti biyu, wani lokaci har huɗu, yana ta buga sanda a gefen benci, ƙwas, ƙwas, kafin ya tuno na gaba. Ko yana cikin waƙar ma bai daina bugun ba. Minti arba'in da ɗaya muka ɗauka, fiye da rabi shiru ne da bugun katako.

Washegari Malam ya tafi Kontagora ɗaukar biki, daga can zai wuce gaida surukansa, sai bayan kwana goma. Ya bar mani makulli, ya ce in riƙa sauraro kawai in saba da muryar, in ya dawo mu yi aikin tare. To ni ban iya zama ina kallon inji a buɗe ba. Na ja ƙayar kifin nan na faɗaɗa ta, duk inda ta zama zare na sa almakashi na yanke, na matso da baiti kusa da ɗan'uwansa, na goge bakin mahaɗar yadda ko kai ba za ka ji ɗinkin ba. Bugun da ya shiga ƙarƙashin murya kuwa ɗaya-ɗaya na bi shi da abin cire hayaniya. Kwana uku na yi, daga hantsi zuwa la'asar, har idona yana ruwa. Yanzu waƙar minti goma sha biyu ce cif, tas kamar ta gidan rediyo. Ba wanda zai ji ya ce tsoho ya yi mantuwa. Na rufa wa Kawu asiri.

Da na gama na fitar da ita a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashi fayil, na share wurin aiki kamar yadda na saba. Ka san ni, ba na barin tsohon baƙin mai da matattun fulogai a rumfa. Duk tarkacen farko na kwashe na zuba a kwandon shara na kwamfutar, na juye kwandon.

Ranar Juma'a zan kai wa Kawu ya ji. Na gayyaci Alhaji Surajo, ina so in ga fuskarsa. Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Zaidu.

Yelwa,
4 ga Nuwamba.

Dauda,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ni jikina lafiya.

Na san labari ya riga ni isowa Shanga, don Surajo ba ya riƙe magana. Amma ka ji daga bakina.

Bayan sallar Juma'a muka zauna a zauren Kawu. Akwai Surajo da tsofaffi uku abokan Kawu, Inna ma ta zo ta zauna daga bayan ƙofa. Na jona lasifika na danna. Murya ta fito tas, Surajo har ya fara gyaɗa kai. Ni ina kallon Kawu. Da waƙar ta kira Tsohuwar Kwata, ya ɗaga hannu kamar mai riƙe da filafili. Kafin hannun ya sauko sau biyu ta kira Dutsen Kada. Hannun ya tsaya a sama. Ta kira Kukar Barira. Ya ce a kashe.

Ya tambaye ni a hankali, wa ya matso da Dutsen Kada bakin kwata. Na ce Kawu, shirun ne na cire, inda kake tsayawa tunani. Ya ce tunanin me? Ɗaya daga cikin tsofaffin ya yi dariya, sauran ba su yi ba. Sai Kawu ya ce, “Ɗan Binta, daga Kwata zuwa Dutsen Kada bugu saba'in ne. Daga Dutse zuwa Kuka ɗari da goma. Ba mantuwa nike ba, tuƙi nike. Ka ɗauke gulbin ka bar mani sunaye, in kai su ina?”

Dauda, kai ɗansa ne, ka san wannan? Don ni ban sani ba. Na tashi a kan inji, ban taɓa zama na ji waƙar daga farko zuwa ƙarshe a cikin jirgi ba. Ashe ba ta nishaɗi ba ce, awo ce. Kowane bugun sanda filafili ne ya shiga ruwa. Shirun da ke tsakanin suna da suna shi ne nisan da ke tsakaninsu. Dutsen da kukar duk suna ƙarƙashin tafki yanzu, ba mai ganinsu. Amma wanda ya tashi daga Tsohuwar Kwata, ya saita hancin jirgi da tsaunin da ke tsallake, ya bi waƙar bugu bayan bugu, inda ta ƙare yana bisa garinmu, bisa maƙabarta. Kawu ya ce haka yake zuwa kowace shekara shi kaɗai ya yi wa iyayensa addu'a, har shekara huɗu da suka wuce da ƙirji ya hana shi. Abin da yake so ya bar mana ke nan. Ni kuma na zauna kwana uku ina yanka shi da almakashi, ina jin daɗi.

Na ce kowa ya kwantar da hankali, ta asali tana nan. Bakina ya faɗa kafin in tuna.

Na hau mota na dawo Yelwa, na tarar Malam ya dawo. Na ce masa mu danna andu. Ya ce andu sai kayan suna nan, ina fayil na asali? Na nuna masa kwando. Ya nemi kujera ya zauna. Yini guda ya yi da wata manhaja mai tono abin da aka share, guntaye kawai ta fito da su, don a kwanakin da ba ya nan na ɗauki talla huɗu sun hau kan wurin. Bai yi mani faɗa ba, da ya yi da ya fi mani sauƙi. Littafina na koyo kawai ya buɗe, ya nuna mani shafi na biyu: kada a taɓa na asali, a kwafa a yi aiki a kan kwafi. Rubutun hannuna ne. Har layi na ja a ƙarƙashi.

Surajo ya kira ni jiya, wai ya yi magana da mutumin Kaduna, sai dai ko ya zo me zai ɗauka, tunda Kawu ya ce ya rufe baki. Inna ta ce tun ranar bai ci abin kirki ba.

Abu biyu nake nema wurinka. Kada ka roƙi tsohonka a madadina, ni na ɓata, ni zan je. Kuma kada ka soke maganata daga littafin taro. Na ce ni zan yi, ban janye ba. Ka ce wa Surajo ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

Ka sa ni a addu'a. A gaida gida.

Zaidu.

Wara,
1 ga Disamba.

Taubashina Malam Dauda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da Zulai'atu da yara, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Inna tana gaishe ku. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna bai gama saki ba, za ka ji dalili.

Washegarin da na rubuto maka na dawo Wara. Na je zauren Kawu na durƙusa na ce na yi kuskure. Ka san ban saba da kalmar nan ba. Ya ce ya ji, Allah ya yafe mana, amma waƙa ta tafi. A kan benci ya yi ta don an matsa masa, ga abin da benci ya jawo. Ba shi da ƙirjin tuƙi, kuma ba ya sake yin ta babu tuƙi.

Kwana biyu ina juya maganar. Ba shi da ƙirjin tuƙi, to ni ina da shi. Na ari ƙaramin kwalekwale da filafili, kullum da hantsi in zo daidai inda yake zama a kan kututture yana kallon ruwa, in yi ta tuƙi. Shekara ashirin da biyar rabona da filafili. Jirgi ya yi ta zagaye da ni kamar an ɗaure shi a turke. Mata masu wanki suna dariya, matuƙan jiragena suna kau da kai don kunya. Ban kula ba. Rana ta farko Kawu bai dube ni ba. Ta biyu ya juya mani baya. Ta huɗu na ji tsawa daga gaɓa: “Kai! Kunu kake damawa? Sa kafaɗa, ba hannu ba! Wa ya haihe ka?” Na ce ƙanwarka. Ya ce shi ya sa. Daga ranar kullum yana bakin ruwa yana zagina yana buga sanda, ni ina bin bugun. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe ya warke. A rana ta goma sha shida ya ce in matso da jirgin. Ya shiga ya zauna a gaba, ya ce mu gani ko za ka kai saba'in ba ka karkace ba. Na kai. Ya ce ranar Alhamis mai zuwa, in iska ta kwanta.

Na tafi Yelwa na zana wa Malam yadda nake so. Tirak biyu, makirfo ɗaya a ƙirjin Kawu, ɗaya ɗaure a gefen jirgi inda filafili ke bugawa, kowanne da safa a kansa saboda iska, kwamfuta kuma a cikin baho. Ya duba ya ce daidai. Sai dai hannun da ke tuƙi ba ya riƙe linzami, dole wani ya sa ido a ma'auni. Ashe Malam, ɗan Yelwa guda, bai taɓa shiga jirgi ba, tsoron ruwa yake kamar me. Na ce masa ba dole. Ya ce a samo masa rigar ruwa mai hana nutsewa. Biyu ya sa, ɗaya a kan ɗaya.

Ranar Alhamis bayan fitowar rana, tafki kwance kamar faranti, muka tsaya a Tsohuwar Kwata. Na sa Kawu ya ɗaga murya na gwada, na buga filafili na gwada, na rage totur ɗin bugun don yana leƙa rawaya. Na ce Malam in ka ga ja ka ɗaga hannu. Ya ce shi ba ya sakin gefen jirgin nan, sai dai ya ɗaga gira. Na danna jan maɓalli da yatsana, na ga layi biyu sun fara tafiya, sannan na ɗauki filafili.

Dauda, ban taɓa jin irin wannan ba. A ɗaki muryar tana yawo ita kaɗai, a nan kuwa sai ta hau kan bugun ta zauna. Ya kira Kwata ya yi shiru, ina ƙirgawa a zuci, a na saba'in daidai ya kira Dutsen Kada, ya nuna ƙasa da haɓa. Ruwa ne kawai, baƙi. A Mashigin Shanu tari ya kama shi. Na yi niyyar tsayawa, ya waiwayo ya harare ni, na ci gaba da bugu, ya haɗiye tarin ya shigo a kan lokaci. Kafaɗuna kamar an hura wuta. Can wani jirgin inji ya taso daga nesa, na gane muryarsa, nawa ne. Matuƙin ya hango mu ya kashe inji, ba ni na sa shi ba, fasinja arba'in suka zauna shiru a tsakiyar ruwa har muka wuce.

Da Kawu ya kira Gungun Ɗorawa ya ɗaga hannu, na tsayar da jirgi. Ko'ina ruwa, babu alama ko ɗaya. Ya ciro igiya mai ƙugiya da dalma daga aljihu ya saki. Ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, sai ta kama. Ya ce ja. Na ja, ta fito da guntun reshe baƙi ƙirin. Ya juya shi a hannu ya ce ɗorawar bakin maƙabarta ce. Sai ya ɗaga hannu ya fara kiran sunaye, babansa wato kakanmu ni da kai, innarsa, da mutanen da ban taɓa jin sunansu ba, yana nema musu gafara. Har Malam sai da ya saki jirgi ya shafa.

Minti arba'in da bakwai, ja bai fito ba. Kafin mu taka gaɓa na adana, muna sauka na kwafa a filas uku. Ɗaya wurin Malam, ɗaya a akwatin Inna, ɗaya ga shi a ambulan ɗin nan. Ban yanke komai ba. Tarin yana nan, kukan tsuntsaye yana nan. A minti na arba'in da huɗu akwai wani sauti kusa da makirfon filafili, kamar mutum yana jan hanci. Malam ya ce yana iya cire shi ba wanda zai sani. Na ce a bar shi. Kada ka tambaye ni.

Kawu ya saurara daga farko har ƙarshe ido rufe, hannunsa yana tuƙi a iska. Da ta ƙare ya ce tuƙin ya ɗan yi nauyi ta hagu, amma an isa. Malmala biyu ya ci ranar.

Yanzu saura ni da kai. Surajo ya nuna mani takardar shirin taro da ka tsara, na ga ka sa: Waƙar Hanya, daga bakin Malam Magaji, an naɗa a wani situdiyo a Yelwa. Wane situdiyo? A tsakiyar ruwa aka yi ta. Ka gyara. Ka sa Malam Magaji, shi ya rera. Ka sa Malam Bilyaminu na Yelwa, shi ya koyar, shi ya tsare ma'auni. Sannan ka sa sunana cikakke, ba harafi ɗaya da ɗigo ba, ba “da sauransu” ba: shi ya naɗa, shi ya tuƙa. In kana so ka ƙara cewa shi ya ɓata ta farko, ƙara, gaskiya ce, ba zan yi fushi ba. Amma a takardar taro, da littafin ƙungiya, da jikin kowane filas da za a raba, sunan nan ya fito. Duk jikan da zai sa waƙar nan a kunne ya ƙirga bugu har ya tsaya bisa kabarin kakansa, hannuna yake bi. Ya kamata ya san mai hannun.

Ka gaida iyali, Allah ya haɗa fuskokinmu ranar taro. Zan zo da wuri in duba takardar kafin a raba. Ga yadda ake rubuta shi, ka kwafa harafi da harafi.

Ni ne,
Zaidu Abdulrahman Mai Inji, Wara.